Tambaya: ni da aka haifa a gidan masu bi, wace shaida zan bayar?

ɗan_tela ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya daɗe yana damuna kuma duk wanda na tara da maganar sai ya ce min ka yi addu'a kawai, to addu'ar ina yi amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa shiga irin wannan.

Abu biyu ne. Na farko makon matasa na cocinmu ya kusa kuma shugaban zumunta ya sa sunana cikin masu ba da shaida ran Lahadin rufewa. Bara wanda ya tsaya wani ɗan'uwa ne da ya yi shekaru yana shaye-shaye, ya faɗi yadda yake kwana a tasha, yadda mamansa ta yi ta kuka tana azumi a kansa, yadda Ubangiji ya kama shi a taron falkaswa, cocin ya rikice da halleluya mata na ta guɗa, ni kaina sai da na yi hawaye. To ni fa? Babana dattijo ne a ikilisiya, mamata tana zumuntar mata tun kafin a haife ni, na yi makarantar Lahadi, na shiga ajin baftisma aka yi min baftisma, yanzu ina cikin mawaƙan coci. Ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. In na tsaya a gaban jama'a me zan ce, ko minti ɗaya ba zan cika ba.

Na biyun shi ya fi ci min rai. Ni tela ne, ina aiki a shagon wani a Funtuwa kuma ni kaɗai ne Kirista a shagon. Lokacin ɗinkin sallah kun san yadda ake yi, kwana ake a shago, shadda ta taru har saman tebur, nepa ta ɗauke a tada janareto a ci gaba. Akwai abokin aikina da kekenmu ke kusa da juna, mutumin kirki ne ƙwarai, in na tafi sujada ran Lahadi shi ke ƙarasa min aikin kwastoma, ni ma ran Juma'a ni ke tsare shago su tafi masallaci. Wani dare can ya raba yana guga ni kuma ina sa aljihu a wata riga sai ya ce min, wai kai don Allah ba don faɗa ba, Hausarka ta fi tawa, garinku nan ne bayan Malumfashi, kakanninka Hausawa ne gaba da baya, to me ya riƙe ka a addinin nan? Ba da raini ya yi tambayar ba, da gaske so yake ya sani. Na ce masa a ciki na tashi. Ya ce ai ni ma a cikin nawa na tashi, kenan gado ne kawai? Aka yi dariya aka ci gaba da aiki amma maganar ta tsaya min a maƙogwaro har yau don na san ba gado ba ne kawai, bakina ne ya kasa faɗa.

Yaya mutum irina yake ba da shaida, a coci da kuma ga aboki irin wannan, ba tare da ƙarya ba kuma ba tare da an ɓata zumunci ba?

Maman Biyu ta rubuta:

Sannu ɗana, Ubangiji ya yi maka albarka. Da farko ka daina jin kunyar cewa ba ka taɓa lalacewa ba. Wanda aka ciro daga rijiya da wanda aka riƙe wa hannu bai faɗa ba duk hannu ɗaya ne ya yi musu aiki. Maman yaron nan da ya ba da shaida bara, ka je ka tambaye ta wace shaida ta fi so ɗanta ya bayar, tasa ko taka, za ta gaya maka.

Ni ma a cikin coci na tashi kamar ka. Da ka tambaye ni shaida ina sabuwar amarya da sai dai in ce na gode wa Allah ya ba ni miji ya ba ni lafiya. Sai da maigidana ya rasu ya bar ni da yara ƙanana na san inda nake. Ba a yi wata uku ba dangin miji suka zo suka karɓe gonar da muke nomawa, ƙaninsa ne ma ya shige gaba, yaron da na sha ba shi tuwo a gidana. Ina zuwa sujada kam ba na fashi amma gangar jiki ce kawai ke zuwa, in aka ɗauki waƙa bakina a rufe yake. Akwai wata tsohuwa a zumuntarmu, yanzu ta je gida wurin Ubangiji, kullum da yamma sai ta zo da ƙwaryar gyaɗarta ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina mu yi ta ɓara, ba ta yi min wa'azi ba, ba ta ce in yi haƙuri ba, in za ta tashi sai ta riƙe hannuna ta yi addu'a gajeriya ta tafi. Wata rana na ce mata Mama ni fa fushi nake da Allah. Ta ce to gaya masa mana, ai yana ji. Daren nan na gaya masa duka, da kuka da komai, ban ɓoye ko ɗaya ba. Gona ba ta dawo ba har yau, kar ka ce zan ce maka washegari an kawo min buhun masara. Abin da ya faru shi ne a hankali nauyin ya sauka, na wayi gari ina iya yi wa ƙanin mijin nan addu'a da sunansa, da matarsa ta haihu ni na je na yi mata wankan jego.

To wata rana a wurin injin niƙa muna layi da robobinmu, maƙwabciyata Musulma wadda ta san komai da aka yi min ta ce, ke wai wace irin zuciya gare ki, mutumin da ya cinye gonar marayu kike gaisarwa har da tambayar iyali? Na ce mata wallahi ba halina ba ne, ke ma kin san ni da riƙo, ni ma an yafe min da yawa ne, Yesu Almasihu ya yafe min tun ban roƙa ba shi ya sa na kasa riƙe wannan. Ta yi shiru ta ce Allah ya ƙara haƙuri. Shi kenan, layi ya zo kanmu. Har yau muna tare, ita tana addininta ina nawa, amma ta san abin da ya riƙe ni.

Wani abu kuma da ke damuna, lokacin shaida a cocinmu yanzu ya koma na sayi mota, na samu biza, an ƙara min girma a ofis. Godiya ce kuma tana da kyau ban hana ba, amma gwauraye da marasa aiki suna zaune a benci suna jin kamar su Allah ya manta da su. Kai in ka tsaya ka faɗi abin da Yesu ya yi a cikinka, akwai yara da yawa 'ya'yan dattawa da fastoci a bencin nan masu irin damuwarka da ba su taɓa jin wani ya faɗa ba.

gaskiya_ɗaya ya rubuta:

Mama na gode, maganarki ta taɓa ni. Amma ɗan'uwa tela ka yi haƙuri ni zan ɗan matsa maka. Ka sake karanta abin da ka rubuta, an haife ka, an kai ka makarantar Lahadi, an yi maka baftisma, babanka kaza mamanka kaza. Duk abin da aka yi maka ne, ban ga inda kai ka yi wani abu da Yesu ba ko shi ya yi da kai. Abokin naka fa ya yi maka tambaya mai kyau, ya fi wasu fastocin ma iya tambaya. Nikodimu malamin Isra'ila ne sukutum amma a Yahaya 3 Yesu ya ce masa dole a sāke haifarsa. Kuma a Luka 15 ɗan da ya zauna a gida bai taɓa zuwa ko'ina ba shi ne a ƙarshe ya tsaya a waje ya ƙi shiga biki, mu 'yan gida hatsarinmu kenan, girman kai da ganin mun fi wasu, kuma wannan ma zunubi ne da ke bukatar Mai Ceto kamar kwalba.

Ba ina cewa ba ka da ceto ba ne, ni wa zan ce haka. Kuma ba dole sai ka san rana da wata ba, mutane da yawa ba su sani ba. Amma ka zauna da biro da takarda ka tambayi kanka yaushe abin ya tashi daga na Baba ya zama naka. Mu a FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, lokacin muna sakandare haka aka koya mana, ka rubuta kashi uku, yadda kake kafin, yadda ka sadu da shi, yadda kake yanzu, kar ya wuce minti uku, ka cire manyan kalmomin coci irin su barata da tsarkakewa da fansa in da wanda ba mai bi ba kake magana don ba zai gane ba. Ka karanta wa wani ya ji kafin ranar.

Tsohon Mai Bishara ya rubuta:

Alheri da salama su tabbata a gare ku. Ɗana tela, tambayar gaskiya_ɗaya ka riƙe ta da kyau, ta cancanci amsa. Inda zan ɗan bambanta da shi shi ne kashi ukun nan. Yana taimakon mutane da yawa kam, amma na ga yadda yake takura yara irinka, a ce dole sai ka kawo yadda kake kafin, yaro ya duba bai ga komai ba sai ya ƙirƙiro. Na taɓa jin wani saurayi yana shaida wai yana ƙungiyar asiri yana tashi da dare, bayan shekara na sake jinsa a wani taron labarin ya ƙara kumbura har da mutanen da ya kashe, alhali mutanen garinsu sun san shi tun yana rarrafe. Waɗanda suka san shi me za su ce game da bisharar da yake faɗa bayan wannan? Allah ba ya bukatar ƙaryarmu don ya samu ɗaukaka. Kuma ko mai tsohon labari na gaske ina ba shi shawara kar ya kwashe minti goma yana zayyana zunubi kamar yana kewarsa sannan ya ba Yesu minti ɗaya.

Ka duba Timoti. Babu hasken da ya kāda shi a hanya kamar Bulus. A 2 Timoti 1:5 Bulus ya ce bangaskiyar ta fara zama a kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki sannan ya tabbata tana cikinsa shi ma, a sura 3 kuma ya tuna masa tun yana ɗan yaro ya san Littattafai. Bulus bai raina wannan ba, da shi ma ya ƙarfafa shi, kuma shi ya bar wa ikilisiyar Afisa.

Bulus kansa ka karanta Ayyukan Manzanni 22 da 26 ka ga yadda ya ba da labari ɗaya ta hanya biyu. A 22 da taron Yahudawa yake magana a Urushalima, sai ya yi musu da harshensu, da suka ji haka suka ƙara yin tsit, ya fara da abin da ya haɗa su, cewa shi Bayahude ne haifaffen Tarsus, a wurin Gamaliyel ya yi karatu, mai kishin Allah kamar su. A 26 a gaban sarki Agaribas ne, sai ya fara da girmamawa, da gwamna Festas ya katse shi ya ce karatu ya haukata shi bai zage shi ba, da ladabi ya amsa. Kuma ka lura a wuraren nan biyu ba a rubuta mana cewa wani ya tuba nan take ba, a na farkon ma ihu aka yi masa. Saboda haka kar ka auna shaidarka da ko abokinka ya bi ka coci, wannan ba a hannunka yake ba. Makahon Yahaya 9 da malamai suka tsare shi da tambayoyi ya ce musu wancan bai sani ba, abu ɗaya ya sani, dā makaho ne yanzu yana gani. Kai ma an yarda ka ce ban sani ba in aka tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka. Mutumin Markus 5 kuwa da aka fitar wa aljanu ya roƙa ya bi Yesu cikin jirgi, Yesu ya ce a'a ya koma gida wurin mutanensa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa, wato wurin waɗanda suka san shi.

Batun Bahaushe kuma Kirista, wannan tambayar mun sha ta, kuma yawanci rashin sani ne ba ƙiyayya ba. Ka san tarihinka don kar ka riƙa jin kamar baƙo. Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa ya fito da Hausa tun 1932, Likita Mila da ya zauna a Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikin tare da Hausawan da suka taimaka masa. Ka je Wusasa ka ga cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa tun 1929 yana nan tsaye. Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, Kirista ne. Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko a kujerar, Bahaushe ne Kirista. Ga dubban Masihiyawa, wato Hausawa Kirista, a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Jigawa. Amma ka ji ni da kyau, wannan tarihi ne, zai amsa masa rabin tambayar ne kawai. Shi abin da ya tambaya shi ne me ya riƙe KA.

Lokacin da shirin bisharar nan na Sabon Rai Don Kowa ya bazu a ƙasar nan daga shekarun 1960, ba masu digiri suka ɗauke shi ba. Manoma ne da masu ɗinki irinka da matan aure, a taru a gida kaɗan-kaɗan a yi addu'a da asuba, a fita biyu-biyu. Da yawansu da ƙyar suke haɗa baƙi, ayoyi kaɗan suka haddace, sauran kuma abin da Yesu ya yi musu ne suke faɗa, an daina tsoron maita, an daina kai kaza gindin tsamiya, miji ya daina dukan mata. Ƙauyuka da yawa ta haka bishara ta shige su.

Ladi_Kano ta rubuta:

Baba mun gode. Ni ta ɓangaren hattara zan yi magana don a Kano nake zaune kuma na san yadda magana ke juyewa. Ɗan'uwa in za ka amsa wa abokinka ka bari sai ku biyu ne, ba a tsakiyar shago ana jinku ba, don shi yana iya tambaya da zuciya ɗaya amma na ukun da ke gefe ya ɗauki rabin magana ya fita da ita, kafin ka ankara an ce ka ce abin da ba ka ce ba. Kuma shagon na ogan ku ne, kar ka ja masa fitina a wurin neman abincinsa. Ka faɗi naka kawai, kar ka taɓa addininsa ko Annabinsa ko littafinsa ko da wasa, ko da shi ya ce kwatanta min, ka ce masa ni nawa na sani. Kar kuma ka yi ta a guruf na WhatsApp ko ka tura murya, duk mun san abin da ya faru da Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022, daga saƙon murya a guruf ɗin 'yan aji abin ya taso har aka kashe ta. Ba tsoro nake koya maka ba, Yesu da kansa a Matiyu 10:16 ya ce mu yi wayo kuma mu zama marasa ɓarna, 1 Bitrus 3:15 da ake yawan kawowa cewa mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, mutane suna mantawa da cewa an haɗa shi da tawali'u da ladabi.

Sannan roƙo ga masu kula da midiya a cocinmu, don Allah ku daina ɗaukar bidiyon shaidar kowa kuna sawa a Facebook ba tare da kun tambaye shi ba. Musamman waɗanda suka zo ga Almasihu daga wani gida daban, kai ka samu laik shi kuma ka jefa shi cikin matsala da danginsa. Har mai shaidar ma ya kiyaye sunayen mutane, in kawunka ya cuce ka ba sai duk coci ya san wane ne ba.

Na Maraɗi ya rubuta:

Ina gaida ku daga Nijar. Mu nan masu bi 'yan kaɗan ne ƙwarai, a unguwa guda sai ka iske gida ɗaya ko biyu, saboda haka tambayar da aka yi maka mu tun muna lakwal, wato makaranta, ake yi muna ita. Abin da na gani shi ne mutum ba ya tambayarka sai ya daɗe yana kallonka. Abokinka ya ga yadda kake da kwastoma, ya ga ko kana mai da ragowar yadi, ya ga ko kana cika alkawarin ranar da ka ce a zo a karɓa, kahin ya buɗe baki. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, mutane daga ko'ina har daga Najeriya suna zuwa, dattawa da yawa a ƙasar nan in ka ce Kirista abin da suka fara sani kenan, wurin da aka duba su da mutunci. A Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai ina da 'yan'uwa a Damagaram, maƙwabtansu Musulmi ne suka shigar da su gida suka ɓoye su har ƙura ta lafa, kuma daga baya da masu bi suka ce sun yafe mutane da yawa sun zo suna tambaya don mi.

Abu guda da ba a faɗa ba, in ka gama naka ka tambaye shi nashi, shi mi ya riƙe shi, kuma ka saurara da gaske ba kana jira ya gama ka kāda shi ba. Mutumin da ke ƙarasa maka aiki don ka je sujada ya cancanci wannan.

ɗan_tela ya rubuta:

Kai na gode ƙwarai, Mama, Baba, da ku duka. Tambayar gaskiya_ɗaya ta hana ni barci jiya amma ta yi amfani. Na tuna shekarar da na gama sakandare na kwanta ciwon taifot mai tsanani har aka fara kiran dangi, ina jin mamata a bakin gado tana addu'a amma ni tsoro ne ya cika ni, na ga cewa in na mutu a daren nan dattijantakar babana ba za ta bi ni ba. Babu wanda na gaya wa. A zuciyata na ce Yesu ni ban da komai sai kai, in ka karɓe ni na zama naka. Wata aya da muka haddace a makarantar Lahadi ta dawo min, Yahaya 10:28, inda ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, tsoron ya tafi tun kafin zazzaɓin ya sauka. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin shaida ba saboda babu wanda ya gani. Yanzu dai na fara rubutawa.

Saura tambaya ɗaya Baba, na san abokina, in na faɗi wannan zai ce to me ya sa kuke ce masa Ɗan Allah, Allah yana haihuwa ne? Nan ne nake jin tsoron kar hira ta zama gardama.

Tsohon Mai Bishara ya rubuta:

Madalla ɗana, Ubangiji ya yi aiki. Wannan da ka rubuta ka faɗe shi haka ran Lahadin, kar ka ƙara masa gishiri, kuma ka fara gaya wa mamanka a gida kafin ta ji a gaban jama'a, ita ce ke bakin gadon.

Tambayar Ɗan Allah za ta zo kam. Abin da yake ji in an faɗi kalmar shi ne wai Allah ya yi aure ya haihu kamar mutum, to ka gaya masa a fili mu ma ba mu yarda da wannan ba, saɓo ne a wurinmu, kuma Allah ɗaya muke bauta wa. Ka nuna masa Luka 1:35 in ya yarda ya ji, inda mala'ika ya yi wa Maryamu bayani, da farkon Yahaya 1 inda aka kira shi Kalma. Shi ma ya gaskata cewa budurwa ce ta haifi Isa Almasihu, a nan ba ku da saɓani. Inda kuka rabu shi ne ko wane ne shi da kuma gicciye da tashi daga matattu, kar ka ɓoye wannan don a zauna lafiya, ka ce ni haka na gaskata kuma a kansa na dogara ranar da na ga mutuwa. In ya ce bai yarda ba ka ce ka ji, ba sai kun kai ƙarshe a dare ɗaya ba. In ya kawo abin da ba ka sani ba ka ce bari in tambayo, ka je wurin fastonku ko ka rubuto nan.

Wace fassara ce a hannunka? In tsohuwar nan ce ta 1932 irin ta babanka, ka nemi ta baya don karanta wa aboki, Hausarta ta fi kusa da wadda kuke yi a shago, akwai ta a waya ma kyauta.